John Vaughan Thompson, Likitan Sojan da Ya Gano Ƙuruciyar Ƙaguwa

A farkon ƙarni na 19, duk wanda ya buɗe manyan littattafan ilimin dabbobi na Turai zai tarar da wata 'yar mitsitsiyar halittar teku mai suna Zoea, mai manyan idanu da doguwar ƙaya a gadon baya, an ware mata gurbinta ita kaɗai. Zai tarar da wata kuma mai suna Megalopa, ita ma da nata gurbin, sannan can a wani shafi ya tarar da ƙaguwa. Masanan da suka tsara littattafan nan ba su san cewa abu guda suka rubuta har sau uku ba, wato ƙaguwa tana jaririya, da ƙaguwa tana tasawa, da ƙaguwa bayan ta girma. Haka kuma sun ɗauki wata halitta da ke manne wa duwatsun gaɓar teku da gindin jiragen ruwa, wadda ake kira banakul, suka jera ta cikin dangin katantanwa saboda tana zaune cikin ɓawo mai tauri, alhali kuwa 'yar'uwar ƙaguwa ce da jatan lande. Mutumin da ya warware waɗannan kurakurai shi ne John Vaughan Thompson, wani likitan sojan Birtaniya wanda bai taɓa riƙe kujerar koyarwa a jami'a ba, wanda kuma yake nazarin halittun teku a lokacin da aikin asibiti ya bar masa sarari.

Kafin a gane nauyin abin da ya yi, sai an san yadda ake rarraba dabbobi gida-gida a zamaninsa. Jagoran fannin a lokacin shi ne Georges Cuvier na Faransa, wanda a littafinsa na 1817 ya kasa dukkan dabbobi kashi huɗu bisa tsarin ginin jikinsu: masu ƙashin baya, da dangin katantanwa masu taushin jiki, da masu jiki gaɓa-gaɓa irin su ƙwari da ƙaguwa, da kuma waɗanda sassan jikinsu suka kewaye tsakiya irin su tauraron teku. Hanyar aikinsa ita ce a feɗe dabbar da ta gama girma, a duba jijiyoyinta da hanjinta da gaɓoɓinta, a kwatanta da na wasu. Hanya ce mai ƙarfi, kuma ta gyara abubuwa da yawa da magabata suka cakuɗa. Amma akasarin ƙananan halittun teku da ke isa hannun masana a Faris da Landan matattu ne, an jiƙa su cikin kwalaben sifirit, kuma kwalba ba ta iya gaya wa mutum abin da halittar take jiya ko abin da za ta zama gobe. Daga nan ne aka samu wata ƙa'ida da ta zauna daram a zukatan masana, cewa ƙwari ne ke rikiɗa, kamar yadda tsutsa ke zama malam-buɗe-littafi, su kuwa dangin ƙaguwa suna fitowa daga ƙwai da siffar iyayensu, abin da kawai suke yi shi ne saɓa, su tuɓe tsohon ɓawo su ƙara girma. Wannan ƙa'ida ba ƙaramar magana ba ce, domin tana cikin alamomin da ake raba ƙwari da dangin ƙaguwa da su a littattafan koyarwa.

An haifi Thompson a shekarar 1779, ya tashi a garin Berwick da ke kan iyakar Ingila da Sikotland, ya karanci aikin likita a Edinbara, sannan ya shiga soja a matsayin mataimakin likita a 1799. Aikin soja ya kai shi Jibralta, daga nan tsibiran Karebiya da Gayana, inda ya yi kusan shekara tara. Da tsirrai ya fara: a 1807 ya wallafa jerin tsirran da ke fitowa a kewayen Berwick, kuma a 1810 aka karɓe shi a ƙungiyar masana halittu ta Linnean Society. A Karebiya ne ya lura da yadda ƙaguwar tudu ke gangarawa bakin teku don ta zubar da ƙwanta, abin da zai yi masa amfani daga baya. Daga 1812 zuwa 1816 ya yi aiki a Morishas da Madagaska. A hanyarsa ta komawa gida a 1816 ya riƙa jefa wata 'yar koma ta yadi mai shara-shara a bayan jirgi, yana janyo ƙananan halittun da ke yawo a saman ruwa, musamman waɗanda ke sa teku walƙiya da dare. A wannan shekarar aka tura shi birnin Cork da ke kudancin Ailan a matsayin mai kula da harkar lafiyar sojoji, kuma a can ya zauna kusan shekara 20.

Zaman Cork shi ne ya haifar da komai. Birnin yana da ɗaya daga cikin manyan mashigan teku na Turai, ruwa mai kwanciya da jiragen fito ke ratsawa kullum, ga jiragen nesa da ke shigowa da halittu manne a gindinsu. Kayan aikin Thompson ba su taka kara sun karya ba: 'yar komarsa, da madubin duba ƙananan halittu, da 'yan kwanukan gilashi da yake sabunta musu ruwan teku. Abin da ya bambanta shi da manyan masana shi ne yana iya ajiye halitta da ranta, ya zuba mata ido kwana da kwanaki har ta nuna masa abin da za ta zama. Yau ana kiran wannan taron ƙananan halittu masu bin ruwa filankton, sunan da Bajamushe Victor Hensen ya raɗa musu a 1887, shekara 40 bayan mutuwar Thompson. A lokacinsa kuwa 'yan ƙalilan ne suka san cewa akwai wata duniya guda a saman ruwan da ido ke ganinsa garau.

Batun Zoea ya faro ne daga wani tsohon iƙirari da aka yi watsi da shi. Wani mutumin Holan mai suna Martinus Slabber, shi ma mai nazari don sha'awa, ya taɓa rubutawa a ƙarni na 18 cewa ya ga irin wannan halitta ta sauya siffa, amma ba a gaskata shi ba, kuma a 1802 Bafaranshe Louis Bosc ya ba ta sunan Zoea a matsayin jinsi mai zaman kansa. A 1822 Thompson ya tarar da su da yawa a mashigin Cork. Shekarar da ta biyo baya ya raini wata babba daga cikinsu har kusan wata guda, sai ta mutu tana cikin saɓa. Duk da ta mutu, ta riga ta nuna masa abin da yake nema, domin sababbin ƙafafun da suka fara fitowa daga cikin tsohon ɓawon ƙafafun ƙaguwa ne, har da na gaba masu awartaki. Wannan hujja ce, amma rabin hujja, saboda mai jayayya zai iya cewa halitta guda da ta mutu a tsakiyar hanya ba ta isa a rushe ƙa'ida a kanta ba. Saboda haka ya zagayo ta ɗaya bakin. A 1827 ya samu tamatar ƙaguwar da Turawa ke ci, wadda masana ke kira Cancer pagurus, ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin cikinta, ya ajiye ta har ƙwan ya ƙyanƙyashe, kuma abin da ya fito Zoea ne. Ya ga Zoea tana neman zama ƙaguwa, ya kuma ga ƙaguwa ta haifi Zoea. A 1828 ya wallafa wannan a matsayin maƙala ta farko cikin jerin da ya kira Zoological Researches, waɗanda aka riƙa bugawa a Cork har zuwa 1834, maƙala shida ke nan, da zane-zanen da ya yi da hannunsa.

Al'amarin banakul ya fi wannan ban mamaki, kuma shi ne aikin da ya fi ɗaga sunansa. Babban banakul ba ya motsi daga inda yake. Yana zaune cikin wani ɗan ɗaki mai siffar mazurari da aka gina da faranta masu tauri, a saman akwai ƙofa mai buɗewa da rufewa, kuma idan ruwan teku ya rufe dutsen sai wasu siraran gaɓoɓi masu gashi su leƙo suna sharar ruwa. Carl Linnaeus, masanin Suwidin da ya kafa tsarin raɗa wa halittu suna, ya sa shi cikin masu ɓawo tare da katantanwa, Cuvier ma da ya feɗe shi ya bar shi a cikin danginsu, duk da cewa gaɓoɓin nan masu haɗe-haɗe sun daɗe suna damun masu lura. Kafin wannan ma, mutanen Turai sun shafe ƙarnoni suna ɗauka cewa wata irin dinya daga banakul mai dogon wuya take ƙyanƙyashewa, har wani marubuci mai suna Gerald na Wales ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 12 cewa wasu malaman coci a Ailan suna cin namanta a kwanakin azuminsu da hujjar cewa ba daga nama ta fito ba. Wannan ya isa ya nuna yadda asalin halittar nan ya ɓuya wa mutane, domin babu wanda ya iya faɗin yadda abin da ba ya tafiya yake wayar gari a jikin sabon jirgi.

Ranar 28 ga Afrilun 1823, Thompson yana ƙetare ruwa a jirgin fito a wani wuri da ake kira Passage kusa da Cork, bayan ya wuni bai samu komai ba, sai ya jefa komarsa, ta fito da tarin ƙananan halittu. A cikinsu akwai wata mai tsawon kusan kashi ɗaya cikin goma na inci, mai ɓawo biyu da suka rufe jikinta ta gefe da gefe, mai idanu, mai ƙafafun iyo a baya, tana tafiya da tsalle-tsalle. Duk wanda ya gan ta zai ce 'yar dangin jatan lande ce, kuma haka shi ma ya ɗauka. A farkon Mayun 1826 ya sake kama irinsu, ya zuba su a kwanon gilashi don ya ga abin da za su zama in sun yi saɓa. A daren 8 ga watan ya tarar biyu daga cikinsu sun tuɓe ɓawonsu, sun manne a ƙasan kwanon, sun zama 'yan banakul. Bayan kwana biyu ya ga wata tana cikin yin haka a gaban idonsa. Ya wallafa wannan a 1830.

Abin da aka sani yanzu game da wannan sauyi ya tabbatar da ganinsa, ya kuma ƙara bayani. Ɗan banakul yana fitowa daga ƙwai da wata siffa mai ido ɗaya da ƙafafu shida, wadda ake kira nauplius, yana yawo cikin ruwa yana cin abinci yana saɓa har mataki shida. Daga nan sai ya zama mai ɓawo biyu ɗin nan da Thompson ya kama. A wannan mataki ba ya cin komai, aikinsa ɗaya ne, wato neman wurin zama, yana taka dutse da 'yan ƙahonnin da ke goshinsa yana gwadawa, kuma ya fi son inda 'yan'uwansa suka riga suka zauna. Idan ya gamsu, sai ya fitar da wani irin danƙo ta cikin ƙahonnin, ya liƙa kansa a jikin dutsen, kuma daga ranar ya bar tafiya har mutuwarsa. Manyan idanunsa su ɓace, faranta su tsiro su kewaye shi, ƙafafun da yake iyo da su kuma su zama matatar da yake janyo abinci zuwa bakinsa da ita. Ke nan babban banakul ɗan'uwan ƙaguwa ne da ke tsaye a kan kansa. Girma ya shafe masa kamannin dangi har ya ruɗi Cuvier, ƙuruciyarsa ce kaɗai ta riƙe shaidar asalinsa.

Da a ce duniyar ilimi tana karɓar gaskiya da zarar an nuna ta, da labarin ya ƙare a nan. Sai dai a 1829, shekara guda bayan maƙalar Zoea, wani babban masanin yadda tayi ke ginuwa, Bajamushe Heinrich Rathke, ya fitar da cikakken bincike a kan jatan landen kogunan Turai mai manyan awartaki, inda ya bi ƙwai tun daga farko har ƙyanƙyashewa, ya nuna cewa ɗan yana fitowa da siffar uwarsa. Aiki ne mai tsafta wanda babu mai iya kushe shi, kuma da yake wannan dabba ita ce abin misalin da ake koyar da dangin ƙaguwa da ita, mutane suka ce ai magana ta ƙare. Henri Milne-Edwards na Faransa, wanda ake ji da shi a fannin, ya nuna shakka a kan Thompson. A Ingila kuwa John Obadiah Westwood, masanin ƙwari, ya rubuta doguwar maƙala a 1835 yana musun cewa akwai rikiɗa a dangin ƙaguwa, kuma babbar hujjarsa ita ce ƙwai da 'ya'yan wata ƙaguwa da aka kawo daga Karebiya, waɗanda suka nuna ƙananan ƙaguwoyi cikakku ba tare da alamar Zoea ba. Mujallar Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, ta buga maƙalar Westwood a kundinta na 1835, kuma a cikin kundin nan dai ta buga maƙaloli biyu na Thompson, ɗaya tana nuna cewa ƙaguwar gaɓa mai suna Carcinus maenas sau biyu ma take rikiɗa, daga Zoea zuwa Megalopa, daga Megalopa zuwa ƙaguwa.

A nan ne rigimar ta cancanci a tsaya a kanta, domin babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda idonsa ya yaudare shi. Rathke ya ga gaskiya, Westwood ya ga gaskiya, Thompson ma ya ga gaskiya. Kuskurensu ɗaya ne, kowa ya ɗauki dabbar da ke gabansa ya mai da ita hukunci a kan dangi gaba ɗaya. Abin da ya raba dabbobin nasu shi ne irin ruwan da suke rayuwa a ciki.

Ƙaguwar teku tana zuba ƙwai ƙanana masu ɗimbin yawa. Tamatar Cancer pagurus guda tana iya ɗaukar ƙwai da ya haura miliyan ɗaya, kowanne da 'yar gwaiduwar da ba za ta iya gina cikakkiyar ƙaguwa ba. Saboda haka ɗan yana fitowa da wuri, da jikin da ya dace da iyo da cin ƙananan halittun saman ruwa, ya ciyar da kansa na makonni, igiyar ruwa kuma ta kai shi nesa da inda aka haife shi. Akasarinsu kifaye ne ke cinye su, amma yawansu ya sa ko kaɗan ne suka tsira jinsin ya ci gaba. A kogi wannan dabara ba ta aiki. Ruwan kogi gaba kawai yake tafiya, jaririn da bai iya riƙe ƙasa ba zai wuce da shi, abincin da ke yawo a ruwan bai kai na teku ba, kuma ƙaramin jiki mai siririyar fata yana wahalar riƙe gishirinsa a ruwan daɗi. Don haka da yawa daga cikin dabbobin da suka koma kogi suka bi wata hanya: ƙwai kaɗan, daga gommai zuwa 'yan ɗaruruwa, amma manya masu wadatar gwaiduwa, yadda ɗan zai gama ginuwa a cikin ƙwai, ya fito da kamannin uwarsa, ya kuma maƙale a jikinta na wani lokaci. Ƙaguwar rafi da aka sani a ƙasar Hausa da sauran kogunan Afirka tana cikin wannan rukuni, saboda haka wanda ya ɗaga cikin tamatarta ya ga 'yan ƙaguwoyi cunkushe a ciki abin da Westwood ya gani ne ya gani. Rikiɗa ita ce ta fi yawa a dangin, domin akasarinsu a teku suke, amma dabbar da masanan birane suka fi samu da rai a kusa da su ta kogi ce, sai togaciya ta zama musu ƙa'ida.

A ganina Thompson yana da nasa kason a jinkirin da aka yi kafin a yarda da shi. Tun a maƙalarsa ta farko ya shimfiɗa hukuncin rikiɗa a kan dukkan dangi masu ƙafa goma, irin su ƙaguwa da jatan lande, alhali jinsunan da ya bi da idonsa kaɗan ne, wanda hakan ya ba abokan jayayya damar rushe babban iƙirarin da misali guda. Bayanansa gajeru ne, sau da yawa ba ya faɗin dalla-dallar yadda ya yi aikin ta yadda wani zai maimaita, kuma alƙalaminsa yana da zafi a kan waɗanda suka saɓa masa. Ga shi kuma yana buga aikinsa a Cork, cikin ƙananan ƙasidu da ba sa isa hannun mutane da yawa. Ko a batun banakul bai ga hoton duka ba. Da ya ƙyanƙyashe ƙwan banakul mai dogon wuya da ya samu a gindin jiragen ruwa, ya ga jarirai masu siffar nauplius, sai ya ɗauka cewa nau'o'in banakul biyu ne ke da jarirai iri daban-daban, alhali matakai biyu ne na rayuwa guda. Bajamushe Hermann Burmeister ne ya nuna a 1834 cewa ɗayan yana biye da ɗayan. Amma duk waɗannan ba su kai girman kuskuren masu musunsa ba, domin abin da ake buƙata don a gwada maganarsa bai wuce tamatar ƙaguwa mai ƙwai da bokitin ruwan teku ba, kuma sun shafe shekaru suna jayayya daga kan teburi ba su gwada ba.

Waɗanda suka gwada ɗin ma akasarinsu irinsa ne, mutanen bakin teku masu nazari don sha'awa. Wani hafsan sojan ruwa mai suna Du Cane ya ƙyanƙyashe ƙwan jatan lande da na ƙaguwa a kudancin Ingila a ƙarshen shekarun 1830, ya ga jarirai da ba su yi kama da iyayensu ba. Richard Quiller Couch, likita a Cornwall, ya yi irin wannan a farkon shekarun 1840. Rathke da kansa, bayan ya je gaɓar Nowe ya duba jinsunan teku, ya fito a 1840 ya amince cewa Thompson ne ke da gaskiya a kansu, abin da ya kamata a yaba masa a kai.

Sauran bincikensa ma duk a kan wannan turba suke. A 1823 ya samu wata 'yar halitta mai kara, mai kama da fure, a mashigin Cork, wadda ta yi kama da wasu halittu da aka fi sani a matsayin burbushin da ya zama dutse. Ya sa mata suna Pentacrinus europaeus a 1827, kuma ta ja hankalin masana ƙwarai. Daga baya ya ci gaba da bibiyarta har ya gane cewa ƙuruciyar wani tauraron teku ne mai hannuwa kamar gashin tsuntsu, wanda ke tsinkewa daga karansa in ya girma ya kama yawo, ya kuma wallafa hakan a 1836, ya rushe jinsin da shi da kansa ya kafa. A 1830 ya ware wasu ƙananan halittu masu zama cunkus a jikin duwatsu da ciyawar teku daga dangin murjani, saboda ya ga suna da cikakken hanji mai baki da mafita, ya kira su Polyzoa. Shekara guda bayan haka Christian Ehrenberg na Jamus ya kira su Bryozoa, kuma bayan doguwar jayayya sunan Bajamushen ne ya zauna.

Wanda ya fi nuna ƙarfin hanyarsa shi ne Sacculina, wadda ya bayyana a 1836. A ido wani ƙullutu ne mai taushi da ke rataye a ƙarƙashin cikin ƙaguwa, ba shi da baki, ba ƙafa, ba ido, ba wata gaɓa da mai fiɗa zai kama ya ce ga danginsa. Thompson ya duba jariran da ke fitowa daga cikinsa, ya ga sun yi kama da jariran banakul. Binciken da Bafaranshe Yves Delage ya wallafa a 1884 ya fayyace sauran labarin: jaririyar tana huda jikin ƙaguwa, ta shiga, ta baza saiwoyi a cikinta tana tsotsar abinci kamar kauci a jikin bishiya, ƙullutun da ake gani a waje kuwa jakar ƙwanta ce kawai. Ƙaguwar da ta kamu ba ta sake haihuwa, kuma ko namiji ne sai ya koma kula da jakar kamar tamata mai ƙwai. Babu yadda za a yi a san cewa wannan abu banakul ne in ba ta ƙuruciyarsa ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyar aikin nan shi ne Charles Darwin. Ƙasidun Thompson suna cikin littattafan da ke jirgin ruwan Beagle, wanda Darwin ya zagaya duniya a cikinsa, kuma tun a farkon tafiyar, a Janairun 1832, Darwin ya haɗa tasa komar yana ja a bayan jirgi. Daga 1846 zuwa 1854 ya duƙufa a kan banakul, rayayyu da waɗanda suka zama dutse, ya fitar da littafi huɗu a kansu, inda ya ambaci gano jaririn da Thompson ya yi a matsayin babban bincike. A littafinsa na 1859 a kan asalin jinsunan halittu ya kawo wannan misali kai tsaye, cewa Cuvier da duk girmansa bai gane banakul ɗan dangin ƙaguwa ba ne, amma duban jaririn sau ɗaya ya isa ya nuna haka. Hujjar da Darwin ya gina a kai ita ce, halittun da suka fito daga tushe guda suna iya yin nisa da juna a girmansu saboda kowanne ya dace da irin rayuwarsa, amma sukan riƙe kamanni a ƙuruciya. Fritz Müller, Bajamushe mazaunin Barazil, ya faɗaɗa wannan a 1864 bayan ya gano cewa har wani jatan landen teku ma da siffar nauplius yake fara rayuwa. Thompson bai yi aikinsa don ya goyi bayan wannan nazariyya ba, ya mutu kafin a wallafa ta, amma shi ya kawo ɗaya daga cikin shaidun da aka dogara da su.

Shi kansa bai tsaya ya ga ƙarshen rigimar a Turai ba. A 1835 aka naɗa shi mataimakin babban sufeton asibitoci a New South Wales da ke Ostireliya, inda aka ɗora masa kula da lafiyar sojoji da ta fursunonin da Birtaniya ke turawa can, kuma ya isa Sidni a 1836. Aikin bai yi masa daɗi ba. An aiko shi ne ya sa likitocin farar hula na yankin ƙarƙashin tsarin soja, su kuwa ba su so, shi ma ba mutum ne mai lallashi ba, sai shekarun suka tafi cikin husuma da koke-koke, ciki har da rikicinsa da likita James Mitchell wanda aka sallama daga aiki a 1837. An sauke Thompson daga muƙamin a 1844 lafiyarsa ta riga ta raunana. Duk da yana zaune a bakin ɗaya daga cikin mashigan teku mafi wadatar halittu, bai sake wallafa wani bincike a kan halittun teku ba. Ya mutu a Sidni ranar 21 ga Janairun 1847, ba tare da an taɓa zaɓarsa ɗan Royal Society ba. Halittun da ya tara a Cork suna ajiye a Dublin, ƙasidunsa kuma, waɗanda suka yi wuyar samu, an sake buga su a Landan a 1968.